Ƙarfafa Ƙasar Ƙarƙashin Titi da Siminti da Farar Ƙasa: Jagora ga Masu Aikin Hanya a Yankin Tsibiri da Bakolori

Ginin titi da dalilin lalacewarsa

Titin mota gini ne hawa-hawa, kuma kowane hawa yana karɓar nauyin taya ya baza shi kafin ya miƙa wa na ƙarƙashinsa. A can ƙasa akwai ƙasar gindi, wato ƙasar da aka tarar a wurin ko wadda aka yi ciko da ita. A kanta ake ɗora shimfiɗar farko, galibi ta jar ƙasa mai tsakuwa. Sai shimfiɗar tushe wadda ta fi ta farko ƙarfi. Sannan kwalta, wadda babban aikinta shi ne hana ruwa shiga da kuma bai wa taya wuri mai laushin tafiya. Idan ƙasar gindi ta sha ruwa ta yi taushi, duk abin da aka ɗora a kanta sai ya lotsa, kwalta ta tsattsage, ruwa ya bi ta tsagar ya ƙara jiƙa ƙasar, har rami ya buɗe.

Wannan matsala tana da nauyi na musamman a yankin Tsibiri da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato a shekarar 1978, aka kuma tsara noman rani a kan kimanin hekta 23,000, ƙasa mai yawa a yankin ba ta samun bushewar da sauran ƙasar Zamfara ke samu da rani, domin damina na ɗaukewa ruwan ban-ruwa ke maye gurbinta. Hanyoyin da ke bin gefen magudanan ruwa da gonakin shinkafa su ne kuma motoci masu nauyi ke bi da amfanin gona zuwa kasuwar Talata Mafara da babban titin Gusau zuwa Sakkwato. Ƙasa mai danshi da kaya masu nauyi idan suka haɗu, titin da ba a kula da gindinsa ba ba ya daɗewa.

Hanyoyin magance raunin ƙasa guda biyu ne: ko a kwashe ta a kawo mai kyau daga wani wuri, ko a gyara ta a inda take ta hanyar cakuɗa ta da wani sinadari da zai sauya ɗabi'arta. Hanya ta biyu ita ake kira ƙarfafa ƙasa, kuma takan fi araha a duk inda ramin haƙar jar ƙasa mai inganci ya yi nisa, domin kuɗin jigilar tifa shi ke cinye kaso mai tsoka na kuɗin kwangila. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga maginan ƙasar Hausa, waɗanda suka daɗe suna yayyafa makuba a kan daɓe, suna kuma haɗa laso da katsi da gashin jima da dafara domin kare bango daga ruwa. Abin da aikin injiniya ya ƙara shi ne awo da gwaji, tun daga titin ƙasa da siminti da aka gina bisa ƙa'ida a jihar Karolina ta Kudu a Amurka a 1935.

Sanin ƙasa kafin zaɓen sinadari

A tafiyar kilomita kaɗan a wannan yanki ana iya ratsa ƙasa iri uku: rairayin jigawa wanda ba ya riƙe juna, jar ƙasar tudu mai tsakuwa wadda ake yin hanyar burji da ita, da lakar fadama wadda ke kumbura idan ta sha ruwa, ta kuma ƙanƙance ta daddare idan ta bushe. Kowace tana da sinadarin da ya dace da ita, saboda haka matakin farko shi ne haƙa ramukan gwaji a tsawon hanyar, a ɗebi samfuri a duk inda launi ko laushin ƙasa ya sauya, a kai ɗakin gwaji.

Gwaji na farko shi ne tankaɗe, inda ake wanke samfurin a bi da shi ta rariyoyi masu girman ido daban-daban, a san yawan tsakuwa da yashi da kuma garin da ya wuce rariya mai idon milimita 0.075. Na biyu shi ne gwajin iyakokin danshi da masanin ƙasar Suwidin Albert Atterberg ya fito da su a 1911. Ana auna yawan ruwan da ke sa ƙasa ta fara malala, wato iyakar ruwa-ruwa, da yawan ruwan da idan aka murza ƙasa kamar zare mai kaurin milimita 3 za ta fara kakkaryewa, wato iyakar danƙo. Tazarar da ke tsakanin adadin biyu ita ce ma'aunin danƙo, kuma gwargwadon girmansa gwargwadon yadda ƙasar ke kumbura da ƙanƙancewa. Na uku shi ne gwajin daɓe da Ralph Proctor ya bayyana a 1933, wanda ke nuna yawan ruwan da ƙasa ke bukata domin ta matsu iya matsuwa, da kuma nauyin da take kaiwa idan ta matsu. Na huɗu shi ne gwajin CBR, wanda ya samo asali daga ma'aikatar hanyoyi ta Kalifoniya: ana daɓe samfuri a cikin mazubi, a jiƙa shi a ruwa, galibi kwana huɗu, sannan a danna masa ƙarfe a kwatanta juriyarsa da ta niƙaƙƙen dutse wanda aka ba shi maki 100.

Kundin ƙa'idojin aikin hanyoyi da gadoji na Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya, bugun 1997, ya nemi kayan shimfiɗar farko su kai maki 30 a gwajin CBR, na shimfiɗar tushe su kai 80, kuma iyakar ruwa-ruwa kada ta wuce 35, ma'aunin danƙo kada ya wuce 12. Jar ƙasa da yawa takan kusanci waɗannan adadi ba tare da ta cika su ba, lakar fadama kuwa takan yi nesa da su ƙwarai, kuma wannan giɓin ne ake son sinadari ya cike. Kafin a bar ɗakin gwaji ya wajaba a auna abu biyu da ke ɓata aikin a ɓoye. Ruɓaɓɓen tsiro, wanda ke da yawa a saman ƙasar gona, yana hana siminti kamawa idan ya haura kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Gishirin salfet kuwa, idan ya haura kimanin kashi 0.3 cikin 100, yakan haɗu da siminti ko farar ƙasa ya haifar da wani ma'adini mai kumbura wanda ke ɗaga titi ya fasa shi.

Sinadarai da yadda kowanne ke aiki

Farar ƙasa ita ce maganin laka. Ana samun ta ne ta hanyar ƙona dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai kimanin digiri 900, sai a sami mai zafi wadda ke tafasa idan ruwa ya taɓa ta. Idan aka shayar da ita ruwa bisa awo sai ta koma gari mai sanyi, wanda shi aka fi amfani da shi saboda sauƙin haɗarinsa. Tana aiki a mataki biyu. A cikin sa'o'i kaɗan, sinadarin kalsiyam da ke cikinta yana maye gurbin wasu sinadarai da ke manne a jikin ƙwayoyin laka, sai ƙwayoyin su dunƙule, danƙo ya ragu, lakar da ke liƙe wa garma ta koma mai marmashewa. Daga nan, cikin makonni da watanni, kaifin farar ƙasar yana narkar da silika da alumina daga jikin lakar, su haɗu da kalsiyam su zama wani manni irin na siminti. Wannan mataki na biyu ba ya faruwa sai ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da kaifin abu, ya kai kimanin 12.4, shi ya sa gwajin da masu bincike Eades da Grim suka fito da shi a 1966 yake neman mafi ƙarancin farar ƙasar da za ta kai cakuɗen ga wannan adadi bayan sa'a guda. Adadin yakan faɗa tsakanin kashi 2 zuwa 8 cikin 100 na nauyin busasshiyar ƙasa. Ba ta da amfani a rairayi, domin babu lakar da za ta yi aiki a kanta. Haka kuma niƙaƙƙen dutsen da ba a ƙona ba, da tsohuwar farar ƙasar da ta daɗe tana shan iska a buɗaɗɗen buhu, ba sa ƙarfafa komai.

Siminti ya fi dacewa da jar ƙasa mai tsakuwa da ƙasa mai yashi, wato waɗanda ma'aunin danƙonsu bai kai 20 ba. Shi ba ya jiran laka, domin da ruwa kaɗai yake kamawa ya ɗaure ƙwayoyin ƙasa, kuma a cikin kwana bakwai yakan ba da kaso mai yawa na ƙarfinsa. A wannan yanki ya fi farar ƙasa sauƙin samu, tunda masana'antar siminti ta Kalambaina da ke Sakkwato, wadda ta fara aiki a 1967, ba ta da nisa. Ana tantance adadinsa ta hanyar haɗa samfura da kashi 2 da 4 da 6 da 8, a adana su da danshi kwana bakwai, sannan a matse su a inji har su fashe. Jagorar da Cibiyar Binciken Sufuri ta Birtaniya ta fitar domin ƙasashe masu zafi a 1993 ta sanya ƙarfin megafaskal 0.75 zuwa 1.5 ga shimfiɗar farko, da 1.5 zuwa 3 ga shimfiɗar tushe mai matsakaicin ƙarfi. Abin da ake nema shi ne mafi ƙarancin simintin da ya cika sharaɗi, saboda wanda ya wuce kima yana sa shimfiɗa ta ƙanƙance ta yi manyan tsagogi waɗanda ke ɓullowa ta cikin kwalta. Idan lakar ta yi danƙo sosai kuma ana son ƙarfi da wuri, ana fara kashe danƙonta da farar ƙasa kaɗan, bayan kwana ɗaya ko biyu a bi da siminti.

Ruwan kwalta, wato kwaltar da aka narkar a ruwa ko aka sirka da mai, ana amfani da shi a rairayi mai tsabta, inda yake lulluɓe ƙwayoyin yashi ya manne su ya kuma hana su shan ruwa. Tokar ɓuntun shinkafa ma ta cancanci kulawa a ƙasar da ake noman shinkafa kamar Bakolori: tana ɗauke da silika mai yawa, kuma masu bincike a jami'o'in Najeriya, ciki har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun daɗe suna gwada tokar ragowar amfanin gona a kan jar ƙasa da baƙar laka. Sai dai ita kaɗai ba ta kamawa sosai, sai an haɗa ta da farar ƙasa ko siminti, kuma ingancinta ya dogara da ƙuna mai tsari a zafin digiri 500 zuwa 700 har ta yi fari-fari. Amma magungunan ruwa da ake sayarwa a jarka da sunayen kamfanoni, waɗanda ake cewa ɗan kaɗan ya isa kilomita guda, hukuncinsu ɗaya ne da na sauran: a gwada su a kan ƙasar wurin, a jiƙa samfurin kwana huɗu, a karɓe su ko a ƙi su bisa sakamakon da aka gani.

Lissafin kaya

Lissafi yana tafiya ne da nauyin busasshiyar ƙasa bayan daɓe. Idan kaurin shimfiɗa milimita 150 ne, kuma gwaji ya nuna kowace mita mai fuska shida, wato mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, tana da nauyin kilo 1,900, to kowace murabba'in mita ta titi tana ɗauke da ƙasa kilo 285. Kashi 4 cikin 100 na wannan shi ne kilo 11.4 na siminti, ke nan buhu ɗaya mai kilo 50 zai wadatar da kimanin murabba'in mita 4.4. A titi mai faɗin mita 7.3, kilomita guda za ta ci kusan tan 83, wato buhu 1,664. Akan ƙara rabin kashi zuwa kashi ɗaya a kan abin da ɗakin gwaji ya bayar, saboda cakuɗawar fili ba ta kai ta ɗakin gwaji daidaito.

Matakan aiki a fili

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar damina, kuma a wuraren noman rani ana bukatar fahimtar juna da manoma da hukumar da ke sakin ruwa, domin kada a cika magudanar da ke gefen hanya a ranakun aiki. Kafin a taɓa buhu ko ɗaya, ana kammala kwalbatoci da lambatu, a kankare saman ƙasa mai saiwoyi, a ɗaga hanya sama da inda ruwa ke kwanciya. Sannan a ware yanki na gwaji mai tsawon mita 100 zuwa 200, a gudanar da dukkan matakan a kansa, domin a san yawan zagayen da rola ke bukata da tsawon da ma'aikata za su iya gamawa a kan lokaci.

Aikin kansa yana farawa da kafta ƙasa da haƙoran greda zuwa zurfin da aka tsara, galibi milimita 150 zuwa 200, a farfasa ɓurɓushin da garmar tarakta ko injin cakuɗawa har manyan dunƙulen su ƙare. Daga nan a shata layuka da igiya, a jera buhuna a tazarar da lissafi ya nuna, a farke su a baje da manjagara daidai-wa-daida. Ana cakuɗawa a bushe tukuna har launi ya zama ɗaya daga sama zuwa ƙasa, abin da ake tabbatarwa ta hanyar tona ƙananan ramuka a duba, sannan tankar ruwa ta yayyafa ruwa a hankali ana ci gaba da juyawa, har danshi ya kai wanda gwajin daɓe ya nuna ko ya ɗan ɗara shi saboda zafin rana. Ruwan da ake amfani da shi ya zama mai tsabta, marar gishiri da kanwa.

A nan ne siminti da farar ƙasa suka rabu. Cakuɗen farar ƙasa da laka ana danne shi sama-sama a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu ya nuna, sannan a sake juya shi a daɓe. Cakuɗen siminti kuwa ba ya jira: daga lokacin da ruwa ya taɓa shi zuwa kammala daɓe bai kamata a wuce sa'a biyu ba, domin duk daɓen da aka yi bayan ya fara kamawa karya mannin yake yi. Saboda haka ba a buɗe buhunan da suka fi ƙarfin rolar da ke wurin, kuma a watannin bazara ana fara aiki da sassafe. Rola mai haƙora ta fi dacewa da laka, mai girgiza ta fi dacewa da tsakuwa da yashi, kuma ana farawa daga gefe zuwa tsakiya. Greda tana gyara doron titi da gangaren kashi 2.5 zuwa 3 cikin 100 ta hanyar yankewa kawai, domin siririyar ƙasar da aka ƙara a kan wadda aka riga aka daɓe ɓarewa take yi. Idan aka tashi aiki, ana yanke ƙarshen shimfiɗar a miƙe, yadda ta gobe za ta haɗu da ita gam.

Mataki na ƙarshe shi ne raino, kuma shi aka fi yi wa sakaci. Shimfiɗar tana bukatar danshi na kwana bakwai ba yankewa, ko ta hanyar rufe ta da jiƙaƙƙen yashi ko ciyawa ana yayyafi, ko ta fesa mata siririn ruwan kwalta. Iskar hunturu mai bushewa tana iya shanye samanta cikin sa'o'i, kuma jiƙawa da bushewa a jere sun fi cutarwa, domin iska na shiga ta mayar da farar ƙasa dutsen da ta fito daga gare shi, saman ya koma gari. A waɗannan kwanaki ba a barin manyan motoci su hau, don haka a tanadi ratse tun farko.

Tabbatar da inganci da kare lafiya

Injiniyan da ke sa ido yana auna abu huɗu a kowane yanki. Yawan sinadari ana gane shi ta ƙirga buhuna ko shimfiɗa tabarma mai murabba'in mita ɗaya a auna abin da ya zuba a kanta. Matsuwar daɓe ana auna ta da gwajin cika rami da yashi, kuma sharuɗɗan kwangila sukan nemi kashi 95 zuwa 100 na nauyin da aka samu a ɗakin gwaji. Zurfin cakuɗawa ana duba shi da ruwan fenolftalin, wanda ke rinewa ja-ja a duk inda sinadarin ya kai kuma yake da rai. Ƙarfi kuwa ana sanin sa daga samfuran da aka ɗiba a fili aka matse bayan kwana bakwai. Rubutattun sakamakon waɗannan gwaje-gwaje su ya kamata ma'aikata ko ƙaramar hukuma ta gani kafin ta biya ɗan kwangila, domin da zarar an rufe da kwalta ido ba ya iya bambance kyakkyawan aiki da na ha'inci sai bayan damina.

Siminti da farar ƙasa suna ƙona fata da ido, musamman idan sun haɗu da gumi, saboda haka haƙƙin leburori ne a ba su takunkumi da tabarau da safar hannu da takalman roba, a kuma ajiye ruwan wanke ido a kusa. Ba a baza su a ranar iska mai ƙarfi, kuma ba a wanke kayan aiki a magudanar ban-ruwa, tunda ruwan gonaki da na dabbobi ne.

Bayan buɗe hanya

Ƙasar da aka ƙarfafa tana jure danshi fiye da wadda ba a taɓa ba, amma juriyarta tana da iyaka, kuma abu biyu ke saurin kai ta ga iyakar. Na farko ruwan da ya kwanta a gefen titi, wanda ke ratsawa ta kafaɗa ya tausasa gindi. Na biyu lodin da ya wuce kima: gwajin hanyoyi da aka gudanar a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan gatarin mota sau biyu, ɓarnar da yake yi wa titi takan ninku kusan sau goma sha shida. Don haka aikin kula da irin wannan hanya a bayyane yake: a yashe lambatu da kwalbatoci kafin ruwan farko, a toshe ƙananan tsagogi da kwalta tun suna sirara, a cike kafaɗun da suka zaizaye, a kuma haɗa kai da ƙungiyoyin direbobi da shugabannin kasuwa kan iyakar lodi. Kuɗin waɗannan ayyuka kaɗan ne idan aka kwatanta da na sake gina kilomita guda, kuma ya dace a sanya su a kasafin kowace shekara tun ranar da aka karɓi hanyar daga hannun ɗan kwangila.